Littafin Prothero A Kan Masu Cin Rani

A cikin ranin 1952 zuwa 1953 aka zaunar da malamai a bakin manyan hanyoyin da ke fita daga Lardin Sakkwato, kowa ya zo wucewa su tambaye shi inda ya fito, da inda za shi. Kafin damina ta faɗi sun ƙirga fiye da mutum dubu 250. Wani Bature masanin labarin ƙasa, R. Mansell Prothero, shi ya yi nazarin lissafin nan, aka buga littafinsa a Kaduna a 1959. A zamanin nan ƙasar Argungu da ta Gwandu duk cikin lardin suke, gama ba a yi Jihar Kebbi ba sai 1991.

Littafin ya cancanci yabo. Ya nuna cin rani ba yawon banza ba ne. Inda mutane suka yi yawa, gonaki suka tsufa, hatsi ba ya kai gida wata damina, sai magidanci ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙasar Yarbawa ko Gwalkwas, ya rage wa rumbu baki ɗaya, kana ya komo da kuɗin haraji da na tufafi.

Amma fa rani ɗaya kurum aka ƙirga. Shekarar da aka yi albarka da shekarar da fāra ta sauka, ai ba za su ba da lissafi ɗaya ba. Sa'an nan mai ƙirga a bakin hanya masu tafiya kaɗai yake gani, ba ya ganin wanda ya zauna gida, balle ya san abin da ya zaunar da shi. Ga mutumin Argungu kuwa wannan ita ce babbar tambaya. Bakabe mai fadama a bakin Gulbin Rima yana da shinkafar da zai yanka bayan ruwa ya janye, yana da homa da gora na su. Raninsa dabam yake da na mai gonar tudu, ko da lardinsu ɗaya.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984. Wani masani, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori, ya tarar ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, masu shinkafa sun koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Ashe mai riƙe da ƙofar madatsa yana iya tura mutane cin rani kamar yadda yawan haihuwa ke yi.

Akwai kuma wani darasi a littafin wanda hukuma ba ta kula da shi sosai ba, wato lokacin ƙidaya. Ta 1952 a Arewa da damina aka yi ta, kowa yana gonarsa. Ta 2006 kuwa a watan Maris aka yi, tsakiyar rani, kuma inda aka sami mutum nan ake rubuta shi. Wanda bai iya komowa gida ba, an ba Ikko ko Ibadan sunansa, alhali matansa da 'ya'yansa suna Argungu, a nan za su nemi makaranta da asibiti da rijiya. An ce Jihar Kebbi tana da mutum fiye da miliyan 3 a shekaran nan. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, masu rabon arziki suka ci gaba da ƙiyasi bisa tsohon lissafi.