Jami'o'in jihohi: sun rage nisa, saura me?

Kowace shekara, da zarar sakamakon BAC ya fito, iyaye sukan tare ni a ƙofar lise da tambaya guda: "Mushe, yaron nan Yamai za mu tura shi, ko a bar shi nan gida?" A zamanin da muka yi namu karatu babu wannan tambaya. Jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a ƙasar, wadda aka aza harsashinta a Yamai a 1971, aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Ɗan Damagaram sai ya ci kusan kilomita 900 a mota kafin ya ga ƙofar aji. A 2010 ne aka kafa jami'o'in Maradi, Damagaram da Tawa bisa tushen cibiyoyin fasaha na IUT da suka riga su, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Shekarun sun isa a ɗora abin a sikeli.

Mu fara da yabo, don ya cancanta. Yau ana karatun likita da aikin gona a Maradi, ana karatun adabi da ilimin koyarwa a Damagaram, ana karatun shari'a da tattalin arziki a Tawa. Babbar riba kuwa ƴaƴa mata suka same ta. Uban da ba zai taɓa barin ɗiyarsa ta tafi Yamai ba, ga shi ya yarda ta hau kabu-kabu da safe ta dawo kafin magariba. Wanda ya raina wannan bai san yawan basirar da muka binne a ɗakunan aure ba.

Amma kusanci ba shi ne sauƙi ba. Iyaye sukan dubi kuɗin rajista su ga ba su taka kara sun karya ba, sai hankalinsu ya kwanta. Ainihin tsadar tana ɓoye. Wata tsohuwar ɗalibata, ɗiyar manomi, ta lissafa mini nata a bayan takarda: hayar ɗaki da suka haɗa su huɗu saboda ba ta samu gado a gidan kwanan ɗalibai ba, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, ruwan ƴan garuwa, fotokopi na kowane darasi, kuɗin intanet a waya. Alawus ɗin da take jira yakan zo bayan mai shago ya gaji da rubuta bashi. Ranar da aljihu ya bushe, garin rogo da ƙuli-ƙuli ne abincin rana da na dare. Ɗan birni yana kwana gidansu, yana cin tuwon uwarsa. Ɗan ƙauye kuwa baƙo ne a Maradi kamar yadda zai zama baƙo a Yamai. Nisan da aka rage, mutanen birni aka rage wa.

Tsadar da ta fi duka ita ce ta lokaci. Tsarin LMD ya ce lisansi shekara 3 ce. Cikin yaran da na koyar, da yawa sun kai 4 ko 5 ba tare da sun faɗi jarrabawa ba: yajin aikin malamai, yajin ɗalibai, ƙarancin azuzuwa, shekarar karatu ta hau kan wata. Kowane wata da ya ƙaru, buhun gero ne ya fita daga rumbun wani talaka.

Sai batun karatun kansa, kuma nan ba zan wanke hannuna ba. Tsarin LMD an gina shi ne bisa ɗalibin da zai yi bincike da kansa, ya shiga ɗakin littattafai, ya yi muhawara. Mu kuwa a lise me muka koya masa? Mun yi masa shifta, ya hardace, ya mayar mana ranar jarrabawa, muka ba shi maki. Ya isa jami'a ya tarar da ɗaki cike maƙil, malami ɗaya da makirfo, sai ya ci gaba da abin da ya saba. Faransancin da nake koyarwa ya zame wa da yawansu tufar aro: suna sa ta don jarrabawa, suna tuɓe ta a bakin ƙofa, tunaninsu kuwa da Hausa suke yin sa.

Abin mamaki, sunayen da ke rubuce a ƙofofin jami'o'in nan suna faɗin wata magana dabam. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a ƙarni na 19, ya kuma ɗora Sarki Tanimun a dandalin wasan kwaikwayo. Djibo Hamani ya tono tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Abdou Moumouni, tun 1964, a littafinsa kan ilimi a Afirka, ya yi kiran a koyar da yara cikin harsunansu. A Damagaram ɗin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a 1973. A 2025 kuma kundin da hukumomi suka fitar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To, ina alamar wannan gado a aji? Injiniyan gona da ba ya iya yi wa manomin Gobir bayanin taki da harshen da manomin ke ji, da likitar da ba ta da kalmomin da za ta tambayi tsohuwa ciwonta, iliminsu ya tsaya a rabin hanya. Jami'ar jiha ba reshen Yamai ba ce da aka dasa a wani gari. Kamata ya yi ta sha ruwan ƙasar da take tsaye a kai.

Rayuwar ɗalibai ma tana buƙatar dubawa. Ƙungiyar USN tana da tarihi mai nauyi, jinin da ya zuba a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 yana cikin abin da ya kai mu ga taron ƙasa na 1991. Amma in duk abin da ke tara ɗalibai shi ne alawus da tikitin abinci, an tauye su. Matashi yana buƙatar dandalin wasa, da mujalla, da daren muhawara, kamar yadda yake buƙatar gado.

Nan ne namu aiki yake, malamai da ƙungiyoyin al'adu. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ajin ƙarshe na lise mu zaunar da iyaye mu yi musu lissafin gaskiya. Mu sa yara su karanta littafi guda su taƙaita shi da harsuna biyu. Ƙungiyoyinmu su gayyaci ɗalibai su bayyana wa jama'a bincikensu da Hausa, a gidan rediyo ko a gidan matasa. Ƴan asalin gunduma da ke zaune a birni su haɗa kuɗi su kama wa yaran ƙauyensu ɗaki.

Uban da ya tambaye ni bana, na ce masa ya bar yaron a gida, amma ya ware buhu biyu tun da kaka. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ashe kusa ma tafiya ce."