Shin Littafin Yara Ya Cancanci Shiga Kundin Sani?

Masu tsara kundin sani, wato insakulofidiya, sukan yi wa littattafan yara rowar gurbi. A ganinmu, jerin The Magic School Bus na Joanna Cole da mai zane Bruce Degen, wanda aka fara bugawa a Amurka a 1986, ya cancanci nasa, kuma ba don yawan ciniki ba.

Mu ɗauki na farko. Malama Frizzle ta kwashi ɗalibanta a mota, suka ƙanƙance cikin ɗigon ruwan sama, suka ratsa matatar ruwa har suka ɓullo ta famfon makaranta. Tatsuniya ce tsagwaronta, amma a ƙarshe marubuciyar ta fayyace wa yaro abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Mu masu riƙe alli mun san wuyar wannan: ka ja hankalin yaro ba tare da ka cusa masa ƙarya ba.

Sai dai kada mai rubuta bayanin ya tsaya ga yabo. Shafukan sun cika cunkoso, surutu ta ko'ina. Ga kuma littafin 1990 da ya lissafa Fuluto cikin duniyoyi tara, alhali a 2006 masana taurari sun cire ta daga sahun.