Tanderu: Daga Sha'irin Khaibar Zuwa Madafar Gidanmu

Khaibar tana arewa da Madina da kimanin kilomita 150, cikin wani fili na baƙin dutse wanda aman wuta ya shimfiɗa tun zamanin zamanai. Yawancinmu da yaƙin shekara ta 7 bayan Hijira muka san ta, da ganuwoyinta, da jarumtar Sayyadina Ali. Amma Khaibar rumbun abinci ce. Bayan an ci garin, Manzon Allah (SAW) ya bar mutanenta a gonakinsu bisa sharaɗin a raba amfanin gona biyu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa daga wannan rabon ne matan Annabi suke samun wusƙi 100 a shekara, 80 na dabino, 20 na sha'ir. Wusƙi ɗaya kuwa sa'i 60 ne. Dabino a ci shi yadda yake. Sha'ir sai an niƙa, an kwaɓa, an gasa, wurin gashin kuma shi ne tanderu.

Tanderu ya shiga rayuwar Madina sosai, har Ummu Hisham 'yar Harisa ta ba da labari, a ruwayar Muslim, cewa gidansu da gidan Manzon Allah sun yi fiye da shekara guda suna gashi a tanderu ɗaya. Alhajin da ya taɓa tsayawa layin burodin tamis da asuba a Madina ya ga jikan wannan tanderun da idonsa. Mu ma a nan muna da shi. A Kano ana danganta zuwan gurasa da Larabawan da suka zauna a birnin lokacin fataucin Sahara, kuma har gobe matan unguwar Jakara da kewaye da tanderu suke ci da iyalinsu.

Yau idan aka ce za a gyara kicin, hankali kan tafi ga tayil, da kabad, da murhun gas. Duk suna da kyau. Sai dai gidan da yake da ɗan fili a tsakar gida, ban ga gyaran da zai amfane shi da kuɗi kaɗan kamar tanderu ba, muddin an samu hannun da ya iya ginin.

Aikin daga ƙasa yake farawa. Maginiya ba ta ɗibar kowane yumɓu. Takan murza shi a tsakanin yatsu, ta ji danƙonsa, ta jiƙa shi ya kwana, ta tattaka da ƙafa har ya yi laushi ɗaya. Yumɓu zalla in ya bushe yakan tsuke ya tsattsage, don haka take zuba masa dakakken tsingaro ko yashi mai laushi, ta haɗa da ƙaiƙayi. A ƙasashen Larabawa da gashin akuya ake haɗawa. Tsingaron ya riga ya sha wuta, ba zai ƙara tsukewa ba, shi ke riƙe jikin ginin. Ƙaiƙayin kuma yana ɗaure lakar tun tana ɗanya, in wuta ta cinye shi sai ya bar 'yan ƙananan kafofi da ke ba bangon damar buɗewa da tsukewa ba tare da ya fashe ba. Ba a rubuce take da awon haɗin nan ba. A tafin hannu take jin ya isa.

Daga nan sai ɗorawa. Tana mulmula lakar dogo-dogo, ta zagaya da ita, ta shafe mahaɗin ciki da waje, sannan ta dakata. Dakatawar nan ita ce rabin gwanintar. In aka ɗora sabon zagaye a kan wanda bai sha iska ba, nauyi zai durƙusar da shi. In aka bari ya bushe ƙarau, sabon ba zai kama ba, nan gaba kuma daidai wurin zai tsage. Ciki yakan yi faɗi, baki ya tsuke, don zafi ya zagaya ya daɗe kafin ya fita. Fuskar ciki kuwa sai an goge ta sumul da dutse mai santsi ko bayan ƙoƙo, domin a nan ƙullu zai manne, kuma a nan za a ɓamɓaro shi ba tare da ya ɗauko ƙasa ba. A inuwa ake shanya shi kwana da kwanaki. Rana tana busar da waje ta bar ciki ɗanye, ƙarshenta ɓarna.

Wasu sukan taƙaita wahala su sayi babbar randa gasasshiya su girke. Yana yi, in randar mai kauri ce.

Girkawar ma da nata ilimin. Ana gina masa dakali a zagaye, a cike tsakanin da toka da yashi. Tanderu bangonsa ne ke gashi. Wuta takan ci ta lafa, yumɓun ya haɗiye zafin, wanda kan wuce digiri 400 a ma'aunin Salshiyos, sannan ya riƙa mayar wa gurasa ta baya, garwashi kuma na gasa ta ta gaba, cikin 'yan mintuna ta nuna. Tokar nan ita ke hana zafin zurarewa, kamar yadda bargo ke yi wa mai barci cikin hunturu. Wasu magina kan bar 'yar ƙofar iska a gindi, a buɗe ta lokacin hura wuta, a toshe in an fara gashi. Gwanar maginiya takan dubi tsawon matar gidan kafin ta yanke tsayin dakalin, don hannu ya kai ciki ba tare da an karya baya ba. Wannan lura ta fi komai burge ni, domin mai gasa gurasa sau ɗari take sunkuyawa a yini.

Wutar farko a hankali ake yin ta, da 'yan karare, a ƙara kaɗan-kaɗan, har sauran danshi ya fita. Bayan nan makamashinsa abin da gona ta zubar ne: a garuruwan dabino irin Khaibar busassun rassan dabino, a wurinmu karan dawa da na gero. Idan baƙin hayaƙin da ya shafi bangon ya ƙone, bangon ya yi haske, mai gashi ta san lokaci ya yi. Sai ta jiƙa hannu, ta ɗauki ƙullu, ta zura hannu cikin wannan zafi ta manna, ta zaro kafin ƙiftawar ido.

Akwai abin da ba a wasa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Don haka tanderu a waje ake girka shi, ƙarƙashin rumfar kwano mai shan iska, nesa da danga da zana, a kuma lura da inda iska ta saba kaɗawa. A yi masa murfi mai nauyi, saboda yara da saboda ruwan sama, don garwashinsa yakan kwana da rai.

Maigida da uwargida, in kun yanke shawara, ku yi aikin da rani tun damina ba ta kawo kai ba. Ku nemi maginiyar da masu gurasar unguwarku suka shaida, ku ba ta lokacin da ta ce, kuma kada ku tsaya ciniki a kan ladan hannunta.