Kogin Kaduna Ba Shuɗi Ba Ne

Mun je kallon zanen fentin ruwa da yaran unguwarmu suka baje a ƙarshen zangon karatu. An ce kowa ya zana ƙauye. Madalla da malamin da ya ɗauki wannan wahala, domin takarda da burushi yanzu ba araha. Amma gaskiya ɗaya ce, sai mun faɗa.

Kusan duk zanen, kogi shuɗi ne shar, ga tsauni mai tsini, ga gida mai bututun hayaƙi. Jama'a, wannan ƙauyen ina yake? Daga littafin Turawa aka kwafo shi. Kogin Kaduna da ke gabanmu, da damina ruwan ƙasa ne, ja-ja, kamar kunun kanwa. Ina rumbu? Ina kaɗanya da ɗorawa? Ina gadar jirgin ƙasa? Garin da ya zama hedikwatar Arewa a 1902, a ce yaransa sun rasa abin zanawa?

Sai batun aiki. Yawancinsu sun lafta fenti kamar masu shafen bango. Fentin ruwa ba haka yake ba. Da launi mai haske ake farawa, ya bushe, sannan a bi da mai duhu. Inda ake son fari, takardar ake bari. Kuma da hunturu fenti na bushewa nan take, dole hannu ya yi sauri.

Zane ɗaya ne ya tsayar da mu, na wata yarinya. Ta jiƙa takardar tukuna, ta sa launi kaɗan, sai ga hazo sak, rumbuna biyu sun fito a cikinsa dishi-dishi. Bishiyarta ta karkace, amma wallahi mun gane wurin. Ita ta kalla da idonta.

Kada a ɗauki wannan wasan yara. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Zungeru, akwai ƙauyuka da gonakin da ruwa ya shanye, mutanensu suka tashi. Abin da ba a zana ba yau, gobe sai labari.

Iyaye masu ɗari-ɗari kuma su kwantar da hankali, malamanmu ba su hana zanen bishiya da kogi ba.

Shawararmu ga Malam: zango mai zuwa a rufe littafin, a kai yaran bakin kogi da sassafe. Gani ya kori ji.