Masu Karanta Tsingaro

Gero ba ya daɗewa a ƙasa: gara ta ci, damina ta ruɓar da saura. To yaya aka san mutanen Dhar Tichitt, a kudancin Muritaniya, suna noma shi kusan shekara 1700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS)? A jikin tsingaro aka karanta.

Maginan tukwanensu kan kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi don kada tukunya ta tsage wajen gashi. Wuta ta cinye ƙaiƙayin, amma gurbinsa ya zauna daram a jikin tukunya. Wannan ɗan rami shi masanin tsirran da yake nema. Zai zuba masa roba mai laushi, ta daskare, ya ɓanɓaro ta ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ga siffar ƙaiƙayi ta fito da gashinta.

A nan gwanintar take. Geron daji da kansa yake zubar da iri idan ya nuna, don haka gindin kowane ƙunshin ƙwaya sumul yake rabuwa da zangarniya. Na gona kuwa riƙe yake da ɗan sanda, ba ya saki sai an sussuka, kuma karayar tana barin alama. Manomin da ya taɓa fama da shibra a gonarsa ya san wannan bambanci sarai. Abin da ke burge ni shi ne idon da zai gane shi a ramin da ya shekara dubbai, bayan an juya tsingaro ɗari ba a ga komai ba.

Patrick Munson na cikin waɗanda suka fara wannan karatu a Tichitt, a ƙarshen shekarun 1960. Da wannan karatu aka fahimci abin da ya ciyar da garuruwan dutse da ke kan tsaunin Tichitt, irin su Dakhlet el Atrouss mai gidaje fiye da 500, da tarin kusheyin duwatsu a gefensa. Mai kwasar duwatsu ya gina wa mamacinsa tudu ba ya shirin tashi gobe.

Da irin wannan ido masana daga Frankfurt da Maiduguri suka duba tukwanen Gajiganna a Barno. A na farko-farko ba su ga geron gona ba. A na baya ne ya bayyana, kusan shekara 3,000 da suka wuce.