James Brown a Kunnen Mai Jin Kalangu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gona a Kiru ko Doguwa ranar gayya ya san abin da ganga ke yi wa jiki. Makaɗi zai riƙe bugu ɗaya, samari su jeru da garma, kowace sara ta faɗi daidai kan kiɗa. Mai irin wannan kunne ba ya neman tafinta idan aka sa masa faifan James Brown.

An haifi Brown a 1933 a kudancin Amurka. Ya tashi cikin talauci, ya fara da waƙoƙin coci, sannan ya yi suna a salon soul. A 1967 ya fitar da "Cold Sweat", inda salon funk ya tsaya da ƙafafunsa. Da can jita da piyano ke jan waƙa, ganga na biye. Brown ya mayar da kowane kayan kiɗa ganga: jita na ƙyasta gajeren sauti, ƙahoni su yi tsawa su ɗauke, sannan kowa ya dira tare a kan bugun farko.

Tawagarsa ma Bahaushe zai gane ta nan take. Bobby Byrd shi ne ɗan amshi, maigida na jefa kalma yana cafewa. Danny Ray sanƙira ne. Shi ke wasa maigida kafin ya fito, shi kuma ke yafa masa alkyabba idan ya durƙushe a dandamali, gumi na ɗiga, sai ya yar da ita ya koma fage. Clyde Stubblefield da Jabo Starks ke kan ganguna. Wanda ya kuskure bugu kuwa, tara ake cinsa.

Haka Alhaji Mamman Shata ya gina tasa waƙar: kalangu su kama kiɗa ɗaya, 'yan amshi su riƙe layi ɗaya, shi kuwa ya yi ta zuba. Amma a nan suka rabu. Ƙarfin Shata a magana yake, azanci da habaici. Baitocin Brown gajeru ne, wani lokaci ihu ne kawai da gurnani, domin muryarsa ma ganga ce. Sai dai da ya tashi magana a 1968, waƙarsa kan alfahari da baƙar fata ta zama taken matasa har Afirka.

Brown ya zo Najeriya a ƙarshen 1970, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, ya rasu ranar 25 ga Disamba, 2006. Kiɗan da Stubblefield ya yi a "Funky Drummer" an yanko shi an sa a ɗaruruwan waƙoƙin hip-hop. Matashin Bebeji ko Tudun Wada da ke sauraron irin waɗannan a waya ya nemi faifan asali, ya kasa kunne ga gangar, sannan ya sa Shata a bayansa.