Ajin Musamman Na Unguwarmu: Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne

Tun da wata Islamiyya a unguwar nan ta buɗe aji don yaran da karatu ke yi wa wuya nake son in leƙa. Makon jiya na rufe rumfar goro bayan azahar na tafi. Abin da na gani ya sa na ɗauki biro.

Da farko, Allah Ya saka wa waɗanda suka kawo tunanin. Mun daɗe muna ce wa irin waɗannan yara daƙiƙai, mu zane su, in mun gaji mu ce aljanu ne, daga ƙarshe mu tura su dako a Bodija. Samun wanda ya ce a ware musu lokaci ci gaba ne. Amma fa niyya daban, iya aiki daban.

Gyara na farko: an tara kowa a ɗaki ɗaya. Ga wanda ba ya ji sosai, ga mai lalurar galahanga, ga wanda bakinsa rau amma haruffa ke rikice masa, ga wanda rashin zuwa makaranta kawai ya bar shi a baya. Jama'a, ko a sana'armu ba a haɗa daushe da sabon goro a huhu ɗaya. Yaron da ke kasa haɗa harafi da sautinsa, abin da masana ke kira disleksiya, hankalinsa lafiya lau. Wani ma ya fi ka lissafin canji. Abin da yake buƙata shi ne a bi da shi harafi-harafi, yana ji, yana faɗa, yana zanawa da yatsa. Wanda ba ya ji kuwa, asibiti ya kamata ya fara zuwa. Ga UCH nan kusa da mu. Me ya hana a duba ido da kunnen kowane yaro kafin a sa shi a ajin?

Na biyu, an manta da yanayin zamanmu. Ɗan Sabo yana jin Hausa a gida, Yarabanci a titi, Turanci a boko, Larabci a Islamiyya. Da safe ya yi rubutu daga hagu, da yamma daga dama. In ɗan shekara 6 ya ruɗe, ba lallai lalura ba ce. A fara yi masa bayani da Hausar da ya tashi da ita, a gani.

Na uku, malamin. Bawan Allah ne mai haƙuri, amma bai taɓa samun horo a wannan fanni ba, kuma na ga bulala jingine a gefen allo. Wallahi da duka yana buɗe kai, da tuni yaran nan sun sauke. Abin takaicin, ilimin yana bakin ƙofarmu. A garin Oyo akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aikinta ke nan, horar da malaman masu buƙata ta musamman, kuma Jami'ar Ibadan tana da sashen wannan fanni. In 'yan kasuwar unguwa suka ɗauki nauyin yaranmu biyu, mace da namiji, su karanto su dawo, me zai ragu a aljihunmu?

Na huɗu, sunan da ajin ya samu. Yara har sun fara kiransa ajin dolaye, kuma na ji wata uwa ta cire ɗiyarta don gudun kada a ce mata haka ranar da manema suka zo. Laifin tsari ne. A bar yaran cikin 'yan uwansu wajen salla, hadda da wasa, a riƙa ɗaukar su awa ɗaya kawai don darasin da ke ba su wuya. Ita ma dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, cewa ta yi a ba su ilimi ba tare da tsangwama ba. Mu kuma tun kafin doka muna karanta Suratu Abasa, mun san a kan makaho Ibnu Ummi Maktum ta sauka, a lokacin da ya zo neman ilimi.

Ban ce a rufe ajin ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Cewa na yi a tantance yara, a rage yawansu gaban malami, a ajiye bulala, a riƙa zama da iyaye duk ƙarshen wata a faɗa musu inda aka kwana. Ina roƙon kwamitin makarantar da fadar Sarkin Hausawa su kira zama a kan wannan kafin sabon zango. In an kafa asusun horar da malamai, a rubuta sunana a farko.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya buɗe musu ƙirji. Wassalam.